Baba Sannu da Waken da Ya Ƙi Ɗaci

Mahaifina mutum ne da in ya yi tuntuɓe da kujera, kujerar yake ce wa sannu. Ba zolaya nake yi ba, na sha gani da idona. An taɓa rufe ƙofar motar haya a kan bakin rigarsa, rigar ta yage, shi ne ya juya ya ba direba haƙuri. Tun kafin a haife ni ake kiransa Sannu a wurin aiki, da furfura ta fito aka ƙara masa Baba a gaba. Ni kuwa ban gaje shi ba. Yayarsa na gada, Gwaggo, wadda ko mai shago ba ya iya haɗa ido da ita. Shi ya sa tun ina ƙarama halin Baba yake ba ni haushi yana kuma ba ni tausayi, sau da yawa a lokaci guda.

Aikinsa na asali renon dashe ne. A wata cibiyar binciken tsirrai yake, a gandun da ke bayan ginin, inda ake jera baƙaƙen ledoji cike da ƙasa a ƙarƙashin rumfa. Nan ya cinye ƙuruciyarsa a tsugune. Hannunsa yana da albarka, wannan ko maƙiyinsa zai faɗa, in da yana da maƙiyi. Tsiron da kowa ya fid da rai a kansa shi ake kawo masa, ya yi masa inuwa da hularsa, ya ba shi ruwa da cokali, sai ka ga ya tashi. Ilimin Baba gaba ɗaya bai wuce abu guda ba: duk mai rai in ya ƙoshi, ya sami inuwa, ba a tsangwame shi ba, to zai yi kyau. Da wannan ilimin ya raini tumatir da gwanda, da shi kuma ya raine mu. Wanda ke son ganin sakamakon ya leƙo falonmu, yana nan kwance a kan doguwar kujera. Autanmu ke nan, ƙato mai gemu, ya gama karatu tun tuni yana jiran aiki ya zo ya ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Da gwiwoyin Baba suka fara kuka in zai miƙe, sai aka tausaya masa aka mayar da shi cikin gini, ɗakin da ake renon tsirrai a kwalba. Ɗaki ne mai sanyi, ba taga ko ɗaya, an jera kantocin ƙarfe har kusa da silin, kowace kanta da doguwar fitila fara a ƙarƙashinta. A kan kantocin kwalabe ne masu murfi, cikin kowace akwai jeli da aka dafa da sukari da gishirin taki. A kan jelin nan ake ɗora guntun ganye da bai kai farce ba, a rufe, ya yi ta girma ba ƙasa ba ruwan sama. Kafin ka shiga sai ka tuɓe takalmi, ka sa farar riga da hula da takunkumi, ka fesa wa hannunka sifirit, don atishawa ɗaya ta isa ta kawo fumfuna ta cinye kwalba. Buɗe kwalba kuwa sai a kan wani tebur mai gilashi da ke hura tatacciyar iska. A ɗakin waje akwai wata ƙatuwar tukunyar tururi mai makulli. Cikinta ake dafa sababbin kwalabe don kashe ƙwayoyin cuta, cikinta kuma ake dafa waɗanda aka gama da su kafin a zubar. Aikin Baba shi ne haɗa jeli, da sauya wa tsirrai kwalba in sun cinye abincinsu, da loda tukunyar.

Mai ɗakin wata matashiya ce da kowa ke kira Dakta, tsarata ce ko ta ɗan girme ni, siririya mai saurin tafiya, irin masu neman tabarau alhali yana kansu. Tana kiransa Baba, yana kiranta ranki ya daɗe, ta hana shi ya ƙi hanuwa. Shukar da take reno sunanta lufin, 'yar uwar wake ce amma ta daji. Tun tana ɗaliba ta samo ta a kan wani dutse mai nisa, daga baya masu fasa tsakuwa suka cinye dutsen tas. Iya saninta, irin na dutsen nan bai saura ko'ina ba sai a kwalabenta. Abin da take nema a jikin shukar wani sinadari ne da take kira alkaloyid, tana son a gwada shi a haɗa magani, a kuma gwada shi a kan ƙwarin gona. Ranar farko ta yi wa Baba bayani dalla-dalla. Baba ya ji kalmar magani, ya gyaɗa kai, ya ƙarasa lissafin a zuciyarsa: saniyar da ta ƙoshi ita ke ba da nono.

Nan ɓarnar ta fara. Dakta ta ba shi ma'aunin sukari, shi kuwa ya dubi ɗan abin da sikeli ya nuna ya ce wannan ko shayin maƙetaci ya fi shi zaƙi. Sai ya riƙa ƙara cokali, wai na albarka. Fitilun kuma sun dame shi, ya ce wane ɗan Adam ne zai yi barci ana haska masa ido haka. Ya samo tsofaffin jaridu yana lulluɓe kwalaben da zarar Dakta ta tafi koyarwa. Takalminta yana da ƙara, daga ƙarshen baranda ake jin ƙwas ƙwas ɗinsa, kafin ta iso ta sauya shi a bakin ƙofa Baba ya kwashe jaridun ya cusa bayan firji. Wajen sauya kwalba ƙa'ida ita ce a yanyanka tsiron da aska a raba. Baba bai taɓa yanka ba. Da bayan hantsaki yake lallaɓawa har guntu ya rabu don kansa, yana ta ba shi baki.

A gida kuwa ba mu da hira sai ta yara. Haka yake kiransu. Yau yaran kanta ta sama sun yi kumatu, gobe na ƙasa sun ƙi cin abinci. Wata rana yana cikin cin nasa abincin ya ajiye cokali ya ce yana jin kamar ya bar musu sanyin ɗaki da yawa. Mama ta ce, "Malam, ka ƙarasa cin abincinka, in ya so ka kai musu bargo." Ya tsaya yana nazarin maganar, sai da ta ce masa wasa take yi.

Gaskiya dai yaran sun yi kyau. Ba ganye suka yi ba, ba saiwa, dunƙulewa suka yi, farare sol, jiƙaƙƙu, suka cika kwalabe kamar ƙullun da yisti ya yi wa yawa. Ita kanta Dakta da farko hoto ta riƙa ɗaukarsu. Sai lokacin gwaji ya zo. Takan ɗebi kaɗan daga kowace kwalba, ta busar, ta niƙa, ta jiƙa, ta sa a wata na'ura. Wannan bai cika damun Baba ba, yakan ɗauke kai ne kawai ya ce ai iyayen, wato dunƙulen da suka rage a kwalaben, suna nan. Na'urar tana zana layi a takarda, in akwai sinadarin sai layin ya yi tudu. Layin Dakta ya fito a shimfiɗe kamar sabon titi. Ta ce na'ura ce ta lalace, aka kira mai gyara, ya kwance ta ya ɗaure ya ce lafiyarta ƙalau. Ta ce ruwan jiƙon ne ya tsufa, aka sayo sabo. Haka aka yi ta yi, yaran suna ƙiba Dakta tana ramewa.

Asirin da kansa Baba ya tona shi, kuma cikin kyakkyawar niyya. Ya shigo ya tarar ta kifa kai a kan tebur, sai tausayi ya kama shi.

"Ranki ya daɗe, ki kwantar da hankalinki," in ji shi. "Yaran nan lafiyarsu lau. Jiya na ɗanɗana guntun da ya faɗo, wallahi ko ɗigon ɗaci babu. Kamar rake."

Dakta ta ɗago kai a hankali. "Kamar me, Baba?"

"Kamar rake. Da na zo, in ka shinshina su ma sai ka ji wani hamami. Amma tunda na fara ƙara musu sukarin nan, da 'yar inuwar da nake musu..."

"Wace inuwa?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Baba ya je bayan firji ya ɗebo jaridun ya nuna mata, yana murmushin wanda ke jiran yabo. Ya ce mana ta daɗe tana kallon jaridun, har ya zaci karantawa take yi. Sannan ta ja masa kujera ta ce ya zauna.

"Baba, ɗacin nan da kake kora shi ne maganin. Shi nake nema. A daji akuya na cin su, ƙwari na cin su, rana na dukansu, to ɗacin shi ne makaminsu. Kuma a koren jiki suke yin sa, inda haske ke samu, ba a wannan farar teɓar ba. Wanda ba abin da ke cizonsa me zai yi da makami?"

Baba ya ce, "Ikon Allah. Ashe gata na yi musu da yawa."

"Gatan da zai kashe su," in ji ta. Sai ta gaya masa abin da ta ɓoye. Shugaban cibiya ya gaji da shimfiɗaɗɗen layi. Ya ce in gwaji na gaba ya fito haka, kantocin za a ba masu renon ayaba, waɗanda dama kullum suna leƙowa suna auna faɗinsu da ido. Kwalaben lufin kuwa, duka, sai tukunyar tururi.

"Duka? Har iyayen?"

"Duka."

"To wa zai iya sa su a ciki?"

"Baba, aikin waye loda tukunya?"

Ta ba shi umarni uku, kuma ba ta yi kwana-kwana ba. A rage sukari. A bar fitila ta yi aikinta. Sannan a bi kowane dunƙule da aska a yanyanka shi, a ji masa ciwo, a mayar a sabon jelin da zai sa shi yin ganye. Ita za ta sauya haɗin jelin, amma kwalaben sun yi mata yawa, ga koyarwa, dole hannun Baba ne zai yi yankan.

Sukarin ya rage, yana auna shi yana kau da fuska. Jaridun ya ba mai gadi. Aska ce dai ta gagara. Zai ɗauka ya kai ta kusa da dunƙulen, sai hannunsa ya ƙi. Da ya dawo gida ya tara mu ya ce ya yi tunani, in dai tsoro ake so yaran nan su ji, ai ba dole sai an zub da jini ba. Faɗa ma yana sa mutum ya shiga taitayinsa. Zai gwada yi musu faɗa.

Na ce, "Baba, kai ɗin?"

Ya ce in tsaya in gani. Ya ɗauko kwalbar man shafawar Mama ya ajiye a kan tebur, ya haɗe gira, ya nuna ta da yatsa. Muka kasa kunne. Ya ja numfashi ya ce, "Ke! Wannan abin da kike yi... bai kamata ba. Allah ya shirye ki." Sai ya gyara mata zama don ta matso bakin tebur da yawa. Auta ya yi dariya har wayarsa ta faɗo masa a fuska. Mama ta karɓe kwalbarta ta ce, "In faɗa kake nema, ka san gidan da ake sayar da shi."

Haka aka yi Gwaggo ta je cibiyar binciken tsirrai. Ni na raka ta, da rana tsaka, lokacin da Dakta take aji. Tun daga bakin ƙofa aka fara. An ce ta tuɓe takalmi, ta ce takalminta ya fi fuskar wasu tsabta. An ba ta takunkumi, ta ce tunda uwarta ta haife ta ba a taɓa ɗaure mata baki ba. Da ƙyar Baba ya shawo kanta da "Yaya, don Allah, Yaya, don darajar iyaye." Ta shiga cikin farar rigar da ba ta rufe ta ba, ta tsaya gaban kantocin ta riƙe ƙugu, ta ƙare musu kallo daga sama har ƙasa.

"Waɗannan ne? Ku dube su don Allah! Ƙattin banza, ci-ma-zaune! An ba ku ɗaki, an ba ku fitila, an ba ku sanyi, ana dafa muku sukari kamar 'ya'yan sarauta, me kuka tsinana? Ko ganye ɗaya! Uwayenku a kan dutse suka rayu, akuya na tsinkar su, ba su mutu ba. Ku kuwa kun baje kamar an zubar da kitse. Kai na can lungu, kai nake nufi, har wani sheƙi kake yi? Ka ga tukunyar can ta waje? To kifi na ganinka, mai jar koma!"

Takunkumin yana shiga bakinta yana fita. Ni ina riƙe da cikina. Da na waiga sai na ga Baba a bayanta ya sunkuya wajen kantar ƙasa, yana raɗa musu, "Ba da ku take ba. Haka take, amma zuciyarta fara ce."

Ba wanda ya ji ƙwas ƙwas ɗin takalmi saboda muryar Gwaggo. Sai ganin Dakta muka yi a tsaye a ƙofa. Kafin ta buɗe baki Gwaggo ta juya kanta. "Ke ce likitar? Ke kuma ba kya cin abinci ne? Wannan wuya kamar na kwalba." Dakta ta gaishe ta, Baba ya yi bayani yana inda-inda. Na ga kafaɗun Dakta suna rawa, ta juya baya ta yi dariyarta ta gama, sannan ta ce cikin ladabi, "Gwaggo, an gode ƙwarai. Sai dai ba su da kunne."

"To shi autansa da yake da kunne har biyu, me ya ji?" in ji Gwaggo. Ta tsinke takunkumin ta miƙa wa Baba. "Kai kuma ka saurare ni. Ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi. An ce ka yanka, ka yanka. Ka ɗauko ni cikin rana ina zagin kwalba."

Kowa zai zaci daga nan Baba ya saduda. Hali zanen dutse. Da ya ga faɗa bai yi ba, askar kuma tana nan tana jiransa, sai ya yanke shawarar ko ɗaya ce ya tserar. Akwai wata 'yar ƙaramar kwalba da yake kira Marainiya, don ita ce ta fi kowa ƙanƙanta. Ya zura ta a aljihu ya fito, mutumin da ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba. Mai gadi ya ce masa sauka lafiya, Baba ya ce, "Ba komai a aljihuna." Mai gadin ya ce shi bai tambaya ba.

A gida ya share mata wuri a kan kanta kusa da rediyo. Ya ce yarinyar nan tunda take ba ta taɓa shan iskar Allah ba, ya buɗe murfin. Na ce masa ai shi da bakinsa ya gaya mana abin da atishawa ke yi. Ya ce iskar gidansa ba irin ta waje ba ce, nan ba mai mugun nufi. Ya yayyafa mata ruwan sukari, ya rufa mata hankici. Kafin mako ya zagayo wani farin gashi ya fito a gefen jelin, ya koma toka-toka, ya haye kanta. Baba ya yi ta tsince shi da tsinken sakace, yana tsincewa yana dawowa. Wata safiya muka tashi Marainiya ta zama baƙin ruwa mai wari.

Ya zauna a bakin gado da kwalbar a hannu, ya ƙi karya kumallo. Maganar da ke bakina ita ce ai na gaya maka, kuma ni ba na haɗiye irin wannan maganar, amma ranar na haɗiye ta. Ban taɓa ganin mahaifina ya tsufa haka ba. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ba akuya, ba ƙwaro, ba aska. Ni kaɗai na taɓa ta." Ya haƙa rami a tukunyar fulawar da ke bakin ƙofa ya juye ta, ya wanke kwalbar, ya mayar da ita aljihu. Da ya isa wurin aiki ya miƙa wa Dakta kwalbar ya faɗi abin da ya yi. Ta ce Allah ya kyauta.

A gaggauce ya fita ranar, ya manta maganin gwiwarsa, Mama ta ce in kai masa. Ban shiga ba, ta gilashin ƙofa na hango shi. Yana zaune a gaban teburin iskar nan, wutar sifirit na ci a gefe, aska a hannun dama, hantsaki a hagu. Ya zaro dunƙule ya ɗora a faranti, ya tsaya kamar mai jiran wani ya shigo ya hana shi. Ba wanda ya shigo. Sai ya yanka. Ya sake yankawa, ya gicciye, ya ɗebi gutsattsarin ya dasa a sabon jeli, ya rufe, ya jawo na gaba. Ba na jin muryarsa ta gilashi, amma ina ganin takunkumin yana motsi a kan kowane yanka, kuma na san kalmar da yake faɗa. Tabaransa ya yi hazo, ya goge da kafaɗa ya ci gaba. Na ajiye maganin a wurin mai gadi na tafi, don in na tsaya zan yi abin kunya a barandar mutane.

Bayan haka sai jira. Wasu gutsattsarin suka yi ja suka bushe, kowanne Baba ya yi masa ta'aziyya. Masu ayaba suka zo da ma'aunin tela suna gwada kantoci a gaban idonsa, ya matsa musu hanya har da sannu da aiki. Amma sauran suka rame, suka yi tauri, suka fara kore. Sai ga 'yan tsirrai suna ɓullowa daga wuraren da aska ta bi, kowanne da ganye mai yatsu kamar buɗaɗɗen tafin hannu. Dakta ta ce gaisuwa suke yi. Baba ya ce a'a, ƙararsa suke kaiwa.

Ranar gwaji ya ƙi shiga ɗakin na'ura. Ya je ya tsaya kusa da tukunyar tururi, wai in ta ɓaci gara ya kasance a bakin aikinsa. Can sai ya ji ƙwas ƙwas da gudu. Dakta ta shigo da takarda tana kaɗa ta, ta nuna masa layin. Ba tsauni ba ne, ɗan tudu ne kamar na tururuwa, amma tudu ne. Shugaba ya zo ya ɗora tabarau ya duba, ya ce to, a ci gaba a gani. Masu ayaba suka naɗe ma'auninsu.

Shi Baba bai yarda da takarda ba, bai taɓa yarda ba. Ya faki ido ya ɗauki ɗan ganyen da ya rage a farantin gwaji, ya ɗora a kan harshe. Dakta ta ba ni labarin daga baya, ta ce fuskarsa ta tattare wuri ɗaya kamar bakin jaka, idonsa ya kawo ruwa, kunnuwansa har motsi suka yi. Ta daka masa tsawa, karon farko tunda suke tare. "Baba! Guba ce fa! Tofar! Je ka kurkure bakinka!" Ya tofar, ya kurkure, ya sake kurkurewa, ta sa shi ya yi alkawarin ba zai ƙara ba. Yana tsaye a bakin famfo ruwa na zuba daga gemunsa, yana dariya yana cewa, "Sun yi. Wallahi sun yi. Kai, yaran nan ba su da mutunci!"

Da yamma ya dawo gida yana ta yamutsa fuska, ya ba mu labari tun daga farko har da wuraren da muka sani. Yana cikin bayanin yadda ake riƙe aska sai idonsa ya sauka a kan Auta, wanda ke kwance inda muka bar shi da safe. Ya daɗe yana kallonsa. Mama ta ce, "Malam, akwai wuƙa a kicin." Auta ya tashi zaune, ya ce dama gobe yake shirin fita neman aiki. Baba ya buɗe baki, duk muka zuba masa ido. Ya ce, "To, ka fita da wuri kafin rana ta yi zafi." Ban ce an sami canji mai yawa ba, amma Auta ya fita.

Mama ta kawo masa shayi, ta ga har yanzu yana motsa harshe a baki kamar mai neman ƙaya. Ta ce, "Bai tafi ba?" Ya girgiza kai. Ta jawo gwangwanin sukari ta cika cokali za ta zuba masa, irin yadda yake so tun aurensu. Baba ya ɗora tafinsa a kan bakin kofin.

"Bar shi," ya ce. "Bari ya ɗan jima a bakina. Na san abin da suka sha kafin su yi shi."